Zan sa tayil a wurin kunkurunmu, wa ya taɓa gwadawa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Muna da kunkuru, irin manyan nan na daji, shekararsa 7 a gidanmu. Ya haƙe gindin katanga, maigida ya ce ko a yi wa wurinsa daɓe ko a kai shi ƙauye. Wurin taku huɗu ne da uku, rabi rana rabi inuwa. Tayil nake so saboda sauƙin wanke kashi. Gidan haya ne kuma.

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Hajiya ki saya masa akwatin gilashi kawai.

Maman Biyu: Malam, kunkurun ya haura kilo 20 fa.

Baba Mai Tattabaru: 'Yata, kar ki soma. Nawa a wurin mahaifina na gaje shi, ya girmi babban ɗana. Na sa masa tayil mai sheƙi, a zatona gata na yi masa. Ƙafa ba ta kama ƙasa, sai santsi, a hankali ƙafafun baya suka baje, ya koma jan ciki. Da hunturu ya shigo ba ramin da zai shige, ya kwana kan tayil mai sanyi kamar ƙanƙara. Hanci ya fara yoyo, ya daina taɓa harawa. Likitan dabbobi ya ce irinsu rami ne bargonsu, shi ne kuma inuwarsu a bazara. Kafin azumi ya mutu. Dabbar da kan yi shekara 70, ni na kashe ta da hannuna.

Maman Biyu: Allah sarki Baba. To ko mai kaushi, a zuba yashi a kai?

Mai Tayil: Shi ne daidai. Mai kaushi, santimita 40 da 40, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kwali dubu 7. Rabin wurin za a sa, rabi a bar masa ƙasa, a zurfafa harsashin katangar.

Ummu Sadik: Dubu 7 a wace shekarar? Satin jiya dubu 11 na saya.

Mai Tayil: Na waje aka ba ki, Hajiya.

Baba Mai Tattabaru: Mai sayar da tayil ai ba zai ce kar a sa tayil ba. Ka taɓa kiwon kunkuru?

Mai Tayil: Baba, wanda nasa ya mutu ne zai koya mana kiwo?

Ɗan Birni: Kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, yau ga shi ana yi dominsa. Ni ɗakina ko siminti babu, Hajiya ko za a yi musaya?

Ummu Sadik: Ni masu sawar ne damuwata. Wanda ya yi min kicin ya karɓi kuɗi gaba ɗaya, ya yi ƙwauron siminti, duk inda ka taka sai ka ji ƙwal-ƙwal. Wata uku ba ya ɗaukar waya. Mai gidan hayar kuma da ya ga tayil sai ya ƙara min kuɗi.

Maman Biyu: Au, har ƙari suke yi? Nawa ya ƙara miki?