Masu sayen fili karo na farko a Katsina: ku faɗa mana yadda kuka yi

Ɗan Ƙofar Sauri: Salamu alaikum 'yan uwa. Na ɗan tara kuɗi ina son in sayi fili a bayan gari, wajen hanyar Dutsinma. Dillali ya kai ni wurare biyu, ya ce wannan awon gwamnati ne, wancan awon igiya, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Waɗanda suka riga mu shiga harkar, don Allah a haska mana.

Malamin Firamare: Wa'alaikumussalam ƙanena. Awon igiya gonar mutum ce ya yayyanka da kansa ya kakkafa fegi, ba tare da hukumar tsara birane ta zana wurin ba. Nawa irinsa ne, a yankin Batagarawa. Yana da sauƙin kuɗi, amma layinmu mota ba ta juyawa a ciki, kuma ba a bar wa ruwa hanya ba. Da damina da buhunan yashi muke tare bakin ƙofa. Awon gwamnati kuwa yana da taswira da lambar fuloti, an ware titi, ga duwatsun siminti masu lamba a kowace kusurwa. Idan kana da hali, kada ka yi dogon tunani.

Uwargida daga Rahamawa: Ni abin da ya cece mu shi ne tambaya. Mun je ganin wani kango, har maigidana zai ba da kafin alƙalami, wato ɗan abin da ake ajiyewa a riƙe maka ciniki. Sai wata tsohuwa a maƙwabta ta ja ni gefe ta ce gidan gado ne, ba a raba ba, kuma akwai 'yan mata biyu a cikin magadan da ba su san ana sayarwa ba. Muka janye. Kayan gado, in ba ka ga takardar rabo daga kotu ba ko sa hannun kowa da kowa, bar shi.

Ɗan Ƙofar Sauri: Allah ya saka, Hajiya. To takardar mai unguwa fa, ta isa?

Tsohon Ma'aikacin Safiyo: Ba ta isa ba, ɗana. Shaida ce cewa an yi ciniki a gaban jama'a, shi ke nan. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da kake samu izinin zama ne, kuma babbar takardarsa ita ce si-of-o, wadda galibi shekara 99 ake rubutawa a kan gidan zama. Kana biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Idan mai si-of-o ya sayar maka, sai an nemi amincewar gwamna an yi canjin suna, in ba haka ba a rajista filin nasa ne har gobe. Na ga magada sun dawo da tsohuwar takarda bayan mai saye ya gama gini ya tare da iyalinsa, abin ba daɗin gani. Ka ɗauki lambar fayil ka je ofishin filaye a duba maka ko an jinginar da takardar a banki. Sannan ka tafi da tef: in an ce ƙafa 50 da 100, auna da hannunka.

Baƙo daga Daura: Maganar la'ada a tsayar da ita tun kafin ciniki. Ni kashi 5 cikin 100 na biya a hanyar Kongolam, amma ranar biya sai ga 'yan kayi-nayi uku kowa na cewa shi ya haɗa. Na ce dillali ɗaya na sani, su raba a tsakaninsu. Kuɗin fili kuma ta banki na tura wa mai shi kai tsaye, da shaidu biyu a wurin.

Ɗan Ƙofar Sauri: Na gode Baba, na gode kowa. Na karɓi lambar fayil ɗin na awon gwamnatin, ranar Litinin in sha Allahu zan je a duba.