Shin kyamara ta fi idon sufeto gano aibu a kayan masana'anta?

Injiniya: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne kyamarar da aka haɗa da kwamfuta ta riga ta sha gaban idon mutum wajen tantance kayan da aka ƙera. Sufeto yakan gaji idan rana ta yi nisa, amma na'ura tana duba noti na ƙarshe kamar yadda ta duba na farko, kuma tana auna faɗi da tsawo ba tare da an tsayar da aiki ba.

Baba, tsohon ma'aikaci a Kakuri, unguwar masana'antu a Kaduna: Wa alaikumus salam. Ɗana, ban musa maka batun gajiya ba, amma kyamara fuskar ƙarfe ta waje kawai take gani. Tsagar da ta ɓuya a cikin walda ba ta fitowa a hoto, sai an haska ta da eksire ko an aika sauti cikin ƙarfen a ga yadda zai dawo. Ko maƙerin kasuwar Panteka ta Kaduna yakan ƙwanƙwasa ƙarfe ya saurari amonsa kafin ya yarda da shi.

Malama: Baba, Allah ya ƙara girma, akwai ma abin da ya fi wannan. Na'urar da hotuna ake koyar da ita, kuma a masana'antar da ke aiki da kyau kayan da suka lalace kaɗan ne, saboda haka misalan aibun da za a nuna mata ba su da yawa. Idan aka tsananta ma'auninta sai ta riƙa watsar da kaya masu kyau, idan kuma aka sassauta sai mai aibu ya wuce, kuma mutum ne ke yanke inda za a tsaya.

Ɗalibi: Malama, ina batun jirgi maras matuƙi? A nan Kaduna aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi maras matuƙi na rundunar sojin saman Najeriya, a 2018, kuma ina ganin ƙaramin jirgi mai kyamarar zafi zai iya bin layin wutar da ya taso daga madatsar ruwa ta Shiroro zuwa tashar wuta ta Mando a Kaduna ya gano mahaɗar da ta ɗau zafi, ba sai wani ya hau turke ba.

Malama: Tsaigumi don leƙen asiri da sintiri aka ƙera shi, wannan aiki ne daban. A cikin masana'anta fitila a kafe take, kyamara a kafe, kaya yana zuwa ta fuska ɗaya. A sama kuwa rana tana juyawa, iska tana kaɗa jirgin, hazon hunturu yana dusashe hoto, kuma zafin mahaɗar yana sauyawa gwargwadon wutar da layin ke ɗauke da ita a lokacin.

Injiniya: Duk da haka, jirgin ya nuna turke uku da ake zargi ya fi a ce a hau kowanne. Ina nan a kan bakana game da aibun da ke waje.

Baba: To, a kan na waje mun daidaita. Waldar tukunyar gas kuwa, ba zan sa mata hannu da hoton kyamara kaɗai ba.