Ƙawanyar Ostend: Sifaniya ta ci gari, amma ta ci riba?

Auta: Salamu alaikum jama'a. Jiya na gama karanta labarin ƙawanyar da sojojin Sifaniya suka yi wa Ostend, garin nan na bakin teku da ke ƙasar Beljiyam a yau. An fara a Yulin 1601, ba a gama ba sai Satumban 1604. Ni dai abin da na fahimta, Sifaniya ce ta yi asara, ko da ita ta shiga garin. Shekara uku da wata biyu ana zuba rayuka, da aka buɗe ƙofa sai kufai aka tarar. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Tsohon Soja: Wa alaikumus salam. Yaro, a yaƙi wanda tutarsa ke bisa ganuwa ranar da aka tashi shi ne ya yi nasara. Ostend ita kaɗai ta rage wa 'yan tawayen Holand, masu yaƙin ɓallewa daga mulkin Sifaniya, a wannan gaɓar ta Flanders, daga cikinta suke fitowa suna tatsar ƙauyuka. Ƙaya ce a ƙafa. An cire ta, kuma ba ta sake komawa hannunsu ba har aka gama wannan yaƙin.

Malama: Baba, a gafarce ni, amma a duba abin da ya faru a bayan fage. Lokacin da Albert, mai mulkin yankin a madadin gidan sarautar Sifaniya, ya tattara ƙarfinsa a kan gari ɗaya, Maurice na Nassau, kwamandan sojojin Holand, yana can yana tsinke wasu. Ya karɓi Rheinberg a 1601, ya karɓi Grave a 1602, sannan a Agustan 1604, wata guda kafin Ostend ta faɗi, ya ƙwace Sluis. Sluis fa ba ƙaramin wuri ba ne, nan ne mazaunin jiragen yaƙin masu tuƙi da filafilai da ke damun 'yan Holand. An ba da tasha mai rai an karɓi tarin ƙasa.

Tsohon Soja: 'Yata, Sluis ta yi zafi, ban musa ba.

Auta: Kuma Baba, tun farko ƙawanyar ba ta rufe ba. Ta tudu an kewaye, amma teku a buɗe take. Jiragen Holand na shigo da abinci, albarushi da sababbin sojoji, su kwashi masu rauni. Kamar mai ɗibar ruwan rijiya ne da nufin ya ƙafar da ita alhali idon ruwa na ɓuɓɓugowa.

Malama: Ga kuma dabarar Francis Vere, Baturen Ingila da ke jagorantar masu tsaron garin a farko. A Disamban 1601, da ya ga mutanensa sun ragu, sai ya nemi a zauna maganar miƙa wuya, ya yi ta jan zance har jiragen agaji suka iso, ya ce ya fasa. Albert ya fusata ya kai babban hari a Janairun 1602. Aka kore su, aka kuma buɗe musu madatsun ruwa suna cikin gwalalo, ruwa ya tafi da da yawa.

Tsohon Soja: Wannan ba jarumta ba ce, cin amanar sulhu ne. Amma mu bar shi.

Alhaji Mai Shago: Ni ku bar ni da lissafi, shi na sani. Wa ya ƙarasa aikin? Ambrogio Spinola, ɗan gidan masu kuɗi na Genoa, wanda aka damƙa wa rundunar a 1603, kuma babban dalili shi ne yana iya ciyo bashi da sunansa ya biya sojoji. Sarkin da sai ɗan kasuwa ya biya masa albashin dakaru, ai ya shiga uku. Har wasu sojojin suka yi bore saboda rashin biya, suka kafa sansani a Hoogstraten tun 1602. Daga baya a 1607 Sarki Philip na uku na Sifaniya ya dakatar da biyan basussuka. Wannan ita ce ribar?

Tsohon Soja: Alhaji, a nan na kama ka. Mahaifinsa Philip na biyu ya yi irin wannan a 1557, da 1575, da 1596, tun ba a harba igwa ɗaya a Ostend ba. Ciwon baitulmalin Sifaniya tsoho ne, kada a ɗora wa gari guda. Kuma idan rundunar ta karye kamar yadda kuke faɗa, da wace runduna Spinola ya kutsa gabas a 1605 ya karɓi Oldenzaal da Lingen, a 1606 ya ƙara da Groenlo, ya kuma maido da Rheinberg ɗin da Malama ke alfahari da ita? A Ostend Sifaniya ta samo janar ɗinta mafi ƙwarewa na wannan zamanin.

Alhaji Mai Shago: To, Baba, wannan ka ci ni rabi.

Auta: Tambaya a gefe: wai gaskiya ne matar Albert, Isabella, ta rantse ba za ta sauya rigar ciki ba sai an ci garin?

Malama: Tatsuniya ce, ƙanena, ta masu neman asalin sunan wani launi mai kama da ruwan ƙasa. Mu koma kan magana. Baba, ƙarshen tika-tika tik. A 1609 aka tsagaita wuta na shekara 12, kuma Sifaniya ta yarda ta yi hulɗa da lardunan arewa, wato na 'yan Holand, tamkar ƙasashe masu 'yanci. Wanda ya yi nasara ba ya sa hannu a irin wannan takarda.

Tsohon Soja: Su ma 'yan Holand ɗin ai a galabaice suka zo teburin. Oldenbarnevelt, babban ɗan siyasarsu, da kansa ya matsa a yi sulhu saboda kuɗin yaƙi ya ishe su, Maurice ne bai so ba. Ga Ingila ta riga ta sasanta da Sifaniya tun Agustan 1604, ta bar su.

Malama: Duk da haka su aka kira masu 'yanci, ba su suka sauko ba.

Tsohon Soja: Na ji. An kira la'asar. In na dawo zan kawo muku ƙawanyar garin Breda ta 1625, ku faɗa mini ko ita ma asara Spinola ya yi.