Gumi a tsakiyar sanyin Jos: me kuka yi da al'ada ta fara ɗaukewa?

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 49, al'adata ta koma wasan ɓuya, ta zo wannan watan, ta ɓace wata uku. Cikin hunturun nan kowa a gidan ya ƙudundune a bargo, ni kuwa sai zafi ya taso min daga ƙirji ya haye fuska, in jiƙe sharkaf, in canza riga kafin asuba. Faɗa kuwa, yaran har sun fara raɓe-raɓe. Wata a kasuwar Terminus ta tallata min man shafawa na doya, wai homon ne na asali (sinadarin jikin mace da ke raguwa in al'ada za ta ɗauke), ba irin na asibiti ba. Akwai wadda ta gwada?

Hajiya ta Bukuru:
Na gwada, 'yar uwa. Kwalba biyu na shafe, fatata dai ta yi laushi, gumin yana nan daram. Abin da ya ɗan rage min shi ne barin shayi mai zafi da yaji da daddare. Ina cin awara sosai, an ce waken suya na taimakawa, amma ban ga wani abin a zo a gani ba.

Anti Nas, mai ritaya, Rikkos:
Bari in sa baki, don na yi aiki ɓangaren mata, kuma ni ma na bi ta hanyar. Masu tallan ba ƙarya zalla suke yi ba: daga wata irin doya da waken suya ake ciro sinadarin da ake haɗa istrojin da furojestaron, wato homon biyu na mata, masu kama da na jikinmu sak. Amma a ɗakin haɗa magani ake juya shi, jikin mutum ba ya iya wannan aikin. Ko kin yi wanka da man doya, ba zai zama homon ba.

Wanda likita ke rubutawa, akwai na shafawa, akwai na mannawa a fata, akwai ƙwaya. Mai mahaifa dole a haɗa mata da furojestaron, don istrojin shi kaɗai yana kaurara bangon mahaifa, har ya iya kaiwa ga daji. Tsoron da ake ji na maganin homon ya samo asali ne daga wani babban bincike da aka dakatar a Amurka a 2002, da aka ga ƙarin dajin nono da daskarewar jini. Sai dai yawancin matan da aka gwada sun haura 60. Yanzu likitoci na ganin ga wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta shekara 10 da ɗaukewar jini ba, amfanin yakan rinjayi haɗarin. Wadda ta taɓa dajin nono ko jininta ya taɓa daskarewa a jijiya, wannan maganarta daban.

Uwargida, Dogon Dutse:
Ni na shafawar nake yi, likitar mata ce ta ɗora ni bayan ta auna hawan jini ta duba nono. A hannu nake murza shi da safe, ƙwayar kuma da dare. Barcina ya dawo, Alhamdulillahi. Matsalar kuɗi ne, kuma sai ki zaga kemis uku ba ki samu ba. In kin samu, duba lambar NAFDAC.

Malama, Gangare:
Kada kowa ta ɗauka duk gumi na girma ne. Nawa da bugun zuciya da rama ya zo, kowa na cewa shekaru ne, ashe halittar nan ta wuya da ake kira thyroid, wadda in ta kumbura ake ce wa maƙoƙo, ce ke aiki fiye da kima. Gwajin jini ya nuna.

Wata baiwar Allah:
Ku yi haƙuri, ni abin da ake jin nauyin faɗa zan faɗa. Bushewar gaba ce ta dame ni, har na fara gudun turaka, Alhaji ya ɗauka wulaƙanci ne. Na kashe kuɗi a kayan mata, wani matsin ma ƙuna ya bar min. Ɗan kirim na istrojin da ake sawa a wurin shi ya warware.

Maman 'Yan Biyu:
Allah Ya saka da alheri. Anti, yayata ta shekara biyu ba ta gani ba, sai ga jini makon jiya. Tana tambaya, ta ajiye salla ne?

Anti Nas:
Hukuncin salla ta tambayi malamai, ba fagena ba ne. Amma in mace ta cika wata 12 ba jini, al'ada ta tafi ke nan. Duk abin da ya ɓullo bayan haka, ko ɗigo ne, sai an duba mahaifa. Sau da yawa ba wani abin tashin hankali ba ne, amma ta haka dajin mahaifa ke fara nuna kansa. Ki kai ta JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko wani asibitin da ke da likitan mata cikin satin nan, kada ku jira ya sake zuwa.