An ba yaron da na koya wa aiki muƙamin da nake jira, me ya kamata in yi?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, kaina ya kulle.

Ina aiki a siton wani kamfani da ke rarraba kaya ga 'yan kasuwa, bana shekarata ta bakwai ke nan. Ni ke karɓar kaya in sun iso, ni ke fitarwa, ni ke ƙirgawa, makulli ma a hannuna yake kwana. Lokacin da na zo wurin ba shi da tsari ko kaɗan, katan a kan katan, wanda ya kusa lalacewa yana can ƙasa, sabo yana sama. Ni na jera kantoci, na sa wa kowace lamba, na buɗe littafin shige da fice. Daga baya aka kawo mini wani yaro ya riƙa taya ni. Wallahi ranar da ya zo bai san bambancin takardar oda da takardar karɓar kaya ba. Na zaunar da shi na nuna masa komai. In ya yi kuskure a lissafi ni nake tsayawa bayan an tashi in gyara, don kada manaja ya gani. Da mahaifiyarsa ta kwanta rashin lafiya ni na haɗa aikinsa da nawa na riƙe, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Makon jiya aka tara mu aka ce an naɗa shi shugaban sashen sito da sayayya. Yanzu ni ne a ƙarƙashinsa. Na yi masa murna a gaban mutane, amma tun ranar barci ya gagare ni. Digiri gare ni, shi ma digiri gare shi. Na riga na cike fom ɗin digiri na biyu don ina ganin takarda ce ta rage mini. Wani abokina kuma ya ce in ajiye aikin kawai. Ga iyali. Me kuke gani?

Baban Hanifa:

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, Allah Ya sanyaya maka. Ka ba mu labarin yaron tsaf, amma abin da shawara za ta tsaya a kai ba ka faɗa ba. An sanar da gurbin kafin a cike shi? Ka nema a rubuce? Me manaja ya rubuta a fom ɗinka na auna ƙwazo bara da bara waccan?

Kafin ka amsa: kada ka ajiye aiki, kuma kada ka biya kuɗin makaranta a wannan watan. Ka bar mako biyu su wuce zuciya ta sauka, sannan ka nemi manaja ya ba ka minti 30, kai da shi. Sunan yaron kada ya fito daga bakinka ko sau ɗaya, don da zarar ka ambace shi zaman ya koma ƙorafi, manaja kuma zai shiga kare hukuncinsa, ba za ka ji komai mai amfani ba. Tambaya uku kawai. Me aka duba wajen cike wannan gurbin? A cikin abin da aka duba, ina ne na gaza? Me kuke so ku gani daga gare ni nan da wata shida? Ka shiga da biro da takarda, ka rubuta, kada ka yi musu ko da ya faɗi abin da kake ganin ba haka ba ne. Kafin a tashi ranar ka tura masa imel na layi biyar: ga abin da na fahimta, ga ranar da nake roƙon mu sake zama. Maganar baki takan bi iska, manaja ma yana iya canzawa.

Injiniya:

Ɗan'uwa ka manta da digiri na biyu, shekara ɗaya da rabi ko biyu za ka ɓata. Ka yi PMP, takardar shaidar ƙwarewa a jagorantar ayyuka. Wata uku zuwa huɗu na karatu in ka dage, kuma duk inda ka kai ta a duniya an san ta.

Maman Khalil:

Injiniya, PMP ba tasa ba ce. PMI, cibiyar da ke ba da ita, na neman mai digiri ya nuna wata 36 yana jagorantar aikin da ke da farko da ƙarshe, da awa 35 na horo, kafin ma a bar shi ya zauna jarrabawa. Karɓar kaya da fitarwa kullum aikin yau da gobe ne, ba ya shiga wannan lissafin. Bayan an ci kuma sai an sabunta ta duk shekara uku. In takardar shaida ce ta dace da layinsa, CIPS ce ta Birtaniya, ta masu sayayya da samar da kaya. Difloma ta mataki na 4 darasi takwas ce, ana iya ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya mutum yana aikinsa. Cikakken zama mamba sai an gama mataki na 5 da na 6, an kuma nuna gogewar shekara uku. Ku lura muƙamin da ya wuce shi sito da sayayya ne, a bayaninsa kuwa ban ji inda ya taɓa sayayya ba.

Abin da ke ƙona mini rai a irin wannan, manajoji ne. Sai ranar ƙarshe za su ɗauki fom ɗin auna ƙwazo su ba kowa uku cikin biyar, su rubuta "yana ƙoƙari", su sa hannu. Ma'aikaci ya yi shekaru bai taɓa jin inda yake da rauni ba, sai ranar da aka tsallake shi. Sannan a dawo a ce sashen kula da ma'aikata ne ba ya aiki. Da me za a kare mutum a gaban kwamiti in fayil ɗinsa babu ko lamba ɗaya?

Abu Sadiq:

Ku daina wahalar da bawan Allah. Yawancin wuraren aiki yanzu ba aiki ake dubawa ba, wanda ya iya gaishe da oga da dariya a taro shi ke hawa. Mai yin shiru ya yi aikinsa sai a mai da shi jakin gida. Wurin da ya tsallake ka sau ɗaya zai sake.

Ka fara neman wani aiki, amma a ɓoye. Ka duba takardar ɗaukarka aiki ka ga wa'adin sanarwa kafin barin aiki, wata ɗaya ne ko uku. Kada ka miƙa takardar ajiye aiki sai takardar sabon wuri ta shigo hannunka da sa hannu da ranar farawa. CV shafi biyu ya isa, kuma ka cire "mai gaskiya da riƙon amana", kowa haka yake rubutawa. Ka sa yawan nau'in kayan da kake kula da su, motoci nawa kake saukewa a mako, mutum nawa ka horar. A intabiyu in an ce ba da misali, ka bi wannan jerin: halin da aka shiga, abin da aka ɗora maka, abin da ka yi da hannunka, sakamakon da aka samu. Labarin yadda ka tsara siton nan daga babu, shi kaɗai zai iya ba ka aiki. Kuma ko an tsokane ka kada ka zagi tsohon wurinka.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai. Baban Hanifa, an liƙa sanarwar a allo, gaskiya ne. Ban nema ba saboda kowa a wurin ya san ni ne babba a sito, ina ganin ba sai na roƙa ba, aikina ya isa ya yi magana. Fom kuwa "yana ƙoƙari" ake rubuta mini kamar yadda Maman Khalil ta ce. Sau ɗaya manaja ya ce in riƙa turo rahoto ta Excel, sai na bar wa yaron tunda hannunsa ya fi sauri a kwamfuta. Ni littafi na riƙe, don kwamfuta tana iya lalacewa, littafi kuwa yana nan. Kuma duk lambar da ke cikin rahoton nan daga littafina take fitowa.

Baban Hanifa:

To ai ga amsar nan ka kawo da kanka. Kwamiti ba ya zaɓen wanda bai nema ba, ko yana so, don takardun da ke gabansa yake tacewa. Kuma duk wata manaja yana buɗe rahoto ya ga sunan yaron a sama. Kura-kuransa ka goge su da dare, aikinka ka miƙa masa ya sa wa suna. Me manaja zai gani? Ba ina ɗora maka laifin kirki ba ne, kirkinka yana nan wurin Allah, amma fayil bai san shi ba.

Ga abin da za ka yi, kuma ba ya buƙatar izinin kowa. Minti 45 kullum na wata biyu a kan Excel, da bayanan sitonku na gaske, ba na gwaji ba. Mako biyun farko ka kwashe littafin zuwa tebur guda: kwanan wata, lambar kaya, shiga, fita, wanda ya karɓa. Layi ɗaya ga kowace shiga ko fita, kada ka haɗe akwatuna, kada ka bar layi fanko a tsakiya, kuma sunan kaya ya zama iri ɗaya ko'ina, don in ka rubuta shi iri biyu lissafi zai raba shi gida biyu. Daga nan ka koyi dabarun lissafin Excel: SUMIFS mai tara jimilla bisa sharaɗi, sai XLOOKUP mai nemo bayani a tebur, in kwamfutar ofis tsohon Excel ne irin na 2016 ko 2019 babu shi, sai ka yi da VLOOKUP. Ƙarshe Pivot Table, mai taƙaita dogon tebur ya zama rahoto. Littafin kada ka yar, ya zama madogara.

Sannan ka raba kayan gida uku bisa darajar abin da ke fita a shekara. Galibi za ka tarar kaɗan daga cikin nau'o'in ne ke ɗauke da mafi yawan kuɗin. Waɗannan a ƙirga su duk wata, na tsakiya duk wata uku, sauran sau ɗaya ko biyu a shekara. In ka ƙirga nau'i 200, 184 suka yi daidai da rubutu, daidaiton sitonka kashi 92 cikin ɗari ne. Wannan lamba ce da manaja zai iya ɗauka ya shiga da ita taron manya.

Ga kuma ƙofar shiga sayayya. Kowane kaya mai tafiya ka fitar masa da matakin da za a sake oda: abin da ke fita a rana, sau kwanakin da dila ke ɗauka kafin ya kawo, a ƙara na ko-ta-kwana. Misali katan 40 a rana, dila na kwana 10, ka ajiye 120 saboda jinkiri, to da ya sauka zuwa 520 a yi oda. Inda mutane ke faɗuwa shi ne su ɗauki kwanakin da dila ya yi alkawari maimakon waɗanda yake kawowa a zahiri. Kai kuwa kana da ranakun isowar kowace mota a littafinka tun shekaru, abin da babu wanda ke da shi a kamfanin.

Duk ƙarshen wata shafi ɗaya da sunanka: daidaiton ƙirga, kayan da suka yanke da kwana nawa suka yi babu, waɗanda wa'adinsu zai cika nan da kwana 90, da waɗanda suka yi wata shida ba su motsa ba.

Makullin nan kuma da kake alfahari da shi. Muddin in ba ka nan sito ba ya buɗuwa, ba mai ɗaga ka daga wurin. Ka rubuta matakan karɓa da fitar da kaya a shafi biyu, ka horar da mutum ɗaya har ya iya riƙewa in ka tafi hutu.

Maman Khalil:

Yallaɓai, duk abin da ka lissafa daidai ne, amma kujerar guda ɗaya ce kuma an zauna a kai. Zai iya yin wata shida yana fitar da rahoto mai kyau, sabon shugaban ya riƙa kai wa sama a matsayin nasarar sashensa. Dole a zaman da manaja ya tambayi ko akwai matakin albashi tsakanin inda yake da shugaban sashe, ko a ba shi wani ɓangare na sayayya da sunansa, kamar bibiyar dilolin kaya. Kuma ya binciki watan da kamfanin ke tsara kasafin shekara mai zuwa, ya kai buƙatarsa wata biyu kafin nan, har da roƙon su biya masa kuɗin CIPS. Bayan an rufe kasafi, ko manaja na son ka sai dai ya ba ka haƙuri. In sun yarda su biya, ka karanta sharaɗin da kyau, da yawa sukan ɗaure mutum ya zauna shekara ɗaya ko biyu ko ya mayar da kuɗin.

Abu Sadiq:

Ya koyi Excel ɗin, na yarda, amma don sabon wuri. Wata shida yana kai wa yaronsa rahoto? Haba.

Mai tambaya:

Abu Sadiq ka taɓo inda ke mini ciwo. Ni fa ba zan iya ɗaukar takarda in kai masa ya duba mini ba. Batun horar da wani kuma, ai horarwar ce ta kawo ni nan. In na sake koya wa wani ya riƙe makulli, me zai hana su ce ba sa bukatata gaba ɗaya? Digiri na biyun ma ba don su kaɗai nake so ba, tun da daɗewa yana raina, kuma na ga a sanarwar manyan kamfanoni suna ambatarsa. Zaman da manaja zan duba, amma mutumin ba ya son a tambaye shi dalili.

Baban Hanifa:

Rahoton ka tura wa shugaban sashe ka sa manaja a kwafi, shi ke nan, ba sai ka taka ofishinsa ba. Digirin kuma ban hana ka ba. Ka tara sanarwar aiki 20 na muƙamin da kake so, ka ƙirga nawa suka ce dole digiri na biyu, nawa suka ce Excel ko SAP (manhajar gudanar da harkokin kamfani) ko CIPS, ka kawo mana lissafin nan.

Injiniya:

Ni dai har yanzu ina ganin tsara siton da ya yi da farko zai iya shiga lissafin PMP in an rubuta shi da kyau.

Maman Khalil:

Aikin wata nawa ne, Injiniya? 36 fa ake nema. Mai tambaya, a wane fanni ka cike fom ɗin, kuma yaushe ake rufe biyan kuɗi?