Musayar Waƙa: Zaman Ƙawaye Ba Ɗora Tukunya

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Asabar ɗin nan ƙawayena huɗu suka zo min bayan la'asar, wallahi ko tukunya ɗaya ban ɗora ba, gurasa na aika aka siyo a Jakara na yayyafa ruwa na barbaɗa ƙuli da mai da albasa da tumatur, na dafa shayi a filas, muka baje a tabarma har magariba muka yi sallah tare kowa ta kama hanya. Bara kuwa tun safe nake kicin ina fama da waina da miyar taushe, ashe ɗaya ta zo da damuwa tana son gaya min, haka ta koma da abarta, sai bayan sati biyu na ji a bakin wata, abin har yau yana ci na. Ga nawa, amsa-amon ra ne, mai iyawa ta ɗora.

Bismillah zan buɗe da baki,
Ran Asabar ban sha wani aiki,
Na shimfiɗa tabarma a ɗaki,
Mu biyar muka zauna muna hira.

Ban tuƙa tuwo ba, ban soya waina,
Gurasar Jakara ce a gabana,
Ƙuli da mai, yaji a gefena,
Ga shayi, mai so ta ƙara.

Bara na yini gindin tukunya,
Aminiyata da ciwon zuciya,
Ta zauna har lokacin tafiya,
Ba ta same ni ba balle ta fara.

Bazazzagiya:
Wa alaikumussalam. Allah sarki, baiti na uku ya taɓa ni, amma fa ba zan ƙyale ki ba.

Kanawa dai mun san halinku,
Lissafi har cikin girkinku,
Gurasa gaya ce tarbar baƙinku,
Rowa ce aka sa mata suna hira.

Zo Zazzau ki ga girman baƙo,
Kafin ya zauna an cika ƙoƙo,
Kaza biyu ba sai an yi saƙo,
Tuwon shinkafa har ya yi saura.

Maman Ummi:
Bazazzagiya sannu sannu,
Bakinki dai ya fi ƙarfin hannu,
Na je gidanki aka ban kunu,
Kazar tana tono a shara.

Bakanuwa:
Wayyo Anty kin gama da ita! Kano tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. A kawo wa Zage-zagi ruwa su sha.

Bazazzagiya:
Ke Bakanuwa 'yar amshin Shata, ki jefo baiti ɗaya mu gani mana, kullum sai tafi.

Kazar da kika gani mai ƙwai ce,
Ziyarar taki ta bazata ce,
Ledar da kika zo da ita babba ce,
Har kunun kika juye na yara.

'Yar Damagaram:
Ku dai Kano da Zariya ba ku gajiya. Mu nan shayi ne ke riƙe zama, sau uku ake zubawa daga ganye ɗaya, na fari da ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi, kuma mai dafawar tana nan zaune cikin mutane da ɗan murhunta ba ta ɓace a kicin ba.

Mu nan gawayi ne da 'yar buta,
Shayi sau uku a kan wuta,
Kafin na ukun kowa ta huta,
Ga kilishin jika guda da gyaɗa da dabino duk an tara.

Malamar Hausa:
'Yata ta Damagaram ma'anarki ta yi kyau ƙwarai, amma ɗango na huɗu ya karye. 'Yan uwansa ba su wuce gaɓa 10 ba, shi kuwa na ƙirga 19, rera shi ki ji numfashi zai ɗauke miki a hanya. Ke ma Bazazzagiya kin maimaita hira a babban amsa-amo bayan mai gida ta riga ta yi amfani da ita, aro ne wannan.

Bazazzagiya:
Malama da girmanki, to ita Maman Ummi da ta ce ban soya waina ta haɗiye ba ɗin ƙarshe fa? Ba ki gani ba ko don ta Kano ce?

Malamar Hausa:
Na gani. Wannan lalurar waƙa ce, marubuta na yanke kalma don amsa-amo ya zauna, an yarda da shi. Kuma ni Bakatsiniya ce ba ruwana da rigimarku. Kari ba ƙirgen gaɓa kaɗai ba ne ma, jerin mai nauyi da marar nauyi ne, a ilimin aruli, wato awon waƙar Larabci, Halilu ɗan Ahmad na Basra ya fitar da karuruwa 15, Ahfash ya ƙara Mutadarik suka cika 16, kuma malamanmu na rubutacciyar waƙa sun daɗe suna hawa kansu.

'Yar Damagaram:
To Malama kakata da ke waƙar daɓe da ta niƙa ba ta san wani Halilu ba kuma in ta rera sai kin tsaya kin saurara, mu hira muka zo ba jarabawa ba, dabinon nan ba zan cire shi ba ko ɗango zai kai Agadas.

Bakanuwa:
Gaskiya Malama ce da gaskiya, Anty ce kawai ke kan awo a nan.

Bazazzagiya:
Ke kin san awon ne? Ko mudu ba ki iya ba. Malama a yi mana a aikace.

Malamar Hausa:
Ɗiyata ba faɗa nake ba,
Awo ne, ban ƙi shayinki ba,
Miya in gishiri bai ji ba,
Uwar gida ce take gyara.

'Yar Damagaram:
Ba, ba, ba sau uku Malama, ai ko ni zan iya wannan. Amma na karɓa, Allah ƙara girma.

Uwar Biyu:
Kun cika wuri da aruli har na rasa inda zan sa baki. Ni tawa matsalar daban ce.

Ku masu hutu ku ji tawa,
Hassana kuka, Usaina tsiwa,
Zaman minti biyar bai yiwuwa,
Ni da zama sai sun shekara tara.

Maman Ummi:
Haba ƙanwata, shi ya sa fa ba na fito da tangaran, kofin roba da faranti ɗaya babba, abin da ya zube a share, ran nan ma wata na shayarwa muna zana mata lalle a ɗaya hannun.

Ɗauko su ƙanwata kar ki damu,
Hannu goma ne a zaman namu,
Mai goyo cikinmu za ki samu,
Ki miƙe ƙafa, mu ne da lura.

Amarya a Legas:
Ku yi haƙuri sai yau na gani bayan kwana biyu, na karanta tun daga sama ina dariya sai kuma na ji hawaye. Ban iya waƙa ba Malama a yi min afuwa.

Wata bakwai ke nan da kawo ni,
Ikko ba wadda ta san ni,
Ƙofa a kulle, bene ya riƙe ni,
Rabona da ƙawa tun bikin bara.

Falo a share, na sa turare,
Shayi ya huce har cikin dare,
Ba wadda za mu sha shi tare,
Waya ce kawai abokiyar hira.

Malamar Hausa:
Ba abin da zan gyara a nan 'yata. Allah ya haɗa ki da na gari.

Bazazzagiya:
Na ajiye wasa. Amarya ki nemi islamiyyar matan aure kusa da ku, Agege da Idi Araba cike suke da matan Hausawa, ki roƙi maigida ya kai ki ko ran Lahadi ne, kuma kar ki raina maƙwabciya ko ba yarenku ɗaya ba.

Amarya share hawayenki,
Maƙwabciya ce farkon danginki,
Ƙwanƙwasa mata da kofin shayinki,
In kin zo Zazzau kazar na jira.

Bakanuwa:
Jama'a ku shaida, kaza ta samu mai ci!

Amarya a Legas:
Na gode Anty. Akwai wata Bayarabiya a ƙasanmu kullum sai ta gaishe ni in na fito shanya, zan gaya wa maigida yau in kira ta ran Asabar in sha Allah. Anty Maman Ummi me da me kike sawa a shayin naki?

Maman Ummi:
Citta ɗanya kamar babban yatsa ki daddaka, kanumfari biyar, su tafasa sosai kafin ki sa ganyen shayin, na'a-na'a sai kin sauke. Sukari ki ajiye a gefe kowa ta zuba da kanta.