Neman shawara: zan gina gida a Tumfure, amma zanen da aka yi mini babu sito

Mai Fili a Tumfure:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Bayan shekara tara ina zaman haya a Jekadafari, Allah Ya hore mini fili mai ƙafa 50 da 100 a bayan Tumfure, na kuma kammala takardunsa a GOGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Gombe, ina fatan a zuba harsashi da zarar damina ta ɗauke. Zanen da aka yi mini yana da falo mai ƙafa 20 da 18, da wurin cin abinci, da ɗakuna uku kowanne da banɗakinsa, sai ɗan kicin mai ƙafa 8 da 10. Ni dai ya burge ni, har sai da na shimfiɗa wa maiɗakina takardar, ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni inda za a ajiye buhunan masara da wake da ake kawo mana daga Kumo duk kaka. Na rasa amsa, domin a gidan da muke yanzu buhunan suna jingine ne a bayan kujerun falo, akwatunan lefenta suna kan durowa, kuloli da manyan tukwane kuwa suna ƙarƙashin gado.

Yaranmu huɗu, mahaifiyata kuma takan zo ta yi wata biyu ko uku a wurinmu. Shin in rage falon ne a fitar da sito a cikin gini, ko kuwa in bar zanen yadda yake in gina sito daban a bayan gida? Ku sani kuma kuɗin hannuna ba zai kai ni ƙarshen gini a tashi ɗaya ba.

Injiniyan Gini, Gombe:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sa albarka. Kafin maganar sito, akwai abin da ya riga ta, wato ƙasar da za a ɗora ginin a kai. Duk wanda ya san Gombe ya san kwazazzaban da zaizayar ƙasa ta haƙa a cikin gari da kewayensa, saboda haka ka je filin nan ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka tsaya ka ga ta inda ruwa yake shigowa da inda yake bi ya fita, tun da damina ba ta ƙare ba. Abin da idonka ya gani a ranar shi zai faɗa maka tsayin da za a ɗaga daɓen gida sama da titi, da kusurwar da magudanar ruwa za ta fita. A sa a haƙa ramin gwaji kuma, domin akwai wuraren da ake samun baƙar laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, kuma harsashin da ya dace da jan yashi ba zai riƙe gini a kanta ba.

Sai fuskar gida. Hadari a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, ƙurar hunturu daga arewa maso gabas, ranar la'asar kuma, wadda a watannin Maris da Afrilu take iya haura digiri 40, bangon yamma take duka. Don haka manyan tagogin ɗakunan kwana su kalli kudu da arewa, a jera banɗakuna da sito a ɓangaren yamma su zama garkuwa. A lura kada mazaunin banɗaki ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, a gyara wannan tun a takarda, domin bayan an binne bututu gyaransa sai da fasa daɓe.

Game da tambayarka, filinka kusan mita 15 da 30 ne, ba ƙarami ba ne. Falonka ne ya cinye gidan. Idan aka mayar da shi ƙafa 16 da 14, aka cire wurin cin abincin da yawancinmu ba ma zama a cikinsa, za a sami sito mai ƙafa 8 da 10 ba tare da an ƙara faɗin rufi ba. A kowane ɗakin kwana kuma a bar lungu mai zurfin ƙafa 2 a jikin bango tun lokacin jera bulo, kafinta ya sa masa ƙofa daga ƙasa har silin. Ramin sokawe ya kasance a ƙarshen fili ɗaya, wurin ajiye ruwa a ɗaya ƙarshen. Idan za ka ɗora tanki a sama, ka tuna lita 1,000 na ruwa nauyin tan guda ne, ba abin da za a ɗora kan ginshiƙan da aka yi da ragowar rodi ba.

Uwargida daga Wuntin Dada, Bauchi:

Malam, ka gode wa Allah da maiɗakinka ta yi tambayar tun gini yana takarda. Ni ba a nuna mini zanen gidanmu ba sai da aka kai linta, kuma shekara shida ke nan ina zagaya gida ta waje da kwano a hannu duk lokacin da zan auno shinkafa, domin siton namu a can jikin katanga yake, kusa da ɗakin janareta. Da rani abin da sauƙi. Da damina kuwa, idan aka kece da ruwa da magariba, ga tukunya a kan wuta, sai dai in yafa buhu a ka in ruga. Don haka shawarar gina sito daban a bayan gida, ni dai ban goyi bayanta ba, in dai siton abinci ake nufi.

Abin da na fahimta bayan zama shi ne gida irin namu sito biyu yake buƙata, ba ɗaya ba. Na farko na abinci ne, ƙofarsa ta buɗe cikin kicin, faɗinta ya kai ƙafa 3 yadda mai ɗauko buhu zai shiga ba tare da ya karkace ba. A yi dakali mai tsayin kamu ɗaya a ɗora katako a kai, a jera buhuna a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango, saboda danshi da gara, kuma don tsintsiya ta sami hanyar shiga. A sa ƙananan tagogi biyu can sama kusa da silin, da raga mai ƙarfi wadda ɓera ba zai ci ba. Ɗaya bangon a yi masa kantoci na kankare, na ƙasa masu tsayi don jarkokin mai da manja, na sama don kuloli da tukwanen biki waɗanda sai sau biyu ko uku a shekara ake sauko da su. Wake kuwa a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ba ya shan iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ba zai yi masa komai ba, kuma babu ruwanka da zuba magani a abin da yara za su ci.

A nan ne zan ɗan saɓa wa Injiniya, tare da girmamawa. Banɗaki ya tsaya a yamma, amma siton hatsi kada ya jingina da bangon da rana take gasawa har magariba, domin manja yana narkewa, albasa da doya suna lalacewa da wuri. Arewa ta fi masa sanyi.

Sito na biyu na tarkace ne, gawayi da itace da turmi da tabarmi da kekunan yara, wannan shi ne zai iya zama a waje, haɗe da rumfar girki. Kada wani ya ce maka tunda akwai gas ba a buƙatar murhun waje. Ranar suna, ko ranar Babbar Sallah da ake suyar nama tun hantsi har dare, kicin mai tayil ba zai ɗauka ba. A bar tsakar gida mai ɗan faɗi a baya, inda za a ɗaure igiyar shanya da turken ragon layya, inda kuma baƙon da yake falo ba zai hango mata ba. Ɗakin Hajiya mahaifiyarka ya kasance kusa da wannan tsakar gidan, ba tare da matakala ba, domin tsofaffi ba sa son zaman ɗaki, sun fi son tabarma a inuwa inda ake hira.

Tsohon Magini:

Ɗana, tunda ka ce kuɗi ba zai kai ba, ga abin da na gani a shekarun da na yi ina riƙe da cokalin gini. A zuba harsashin gidan gaba ɗaya a lokaci guda, har da sito da ɗakin da ba za a gama yanzu ba, domin ginin da aka liƙa daga baya nan ne yake fara tsagewa, nan ne kuma rufi yake yoyo. Bangon waje bulo mai inci 9, na ciki mai inci 6. Simintin Ashaka ne ko wani, buhu dai kilo 50 ne, idan mai buga bulo ya ce zai fitar maka da 45 masu inci 9 daga buhu ɗaya, yashi ya sayar maka. A shayar da bulo ruwa kwana bakwai kafin a ɗora shi.

Kada ka yarda a mayar da cikin silin wurin ajiya, katakon rufi ba don kaya aka kafa shi ba. Idan ana son ma'aji a sama, a zuba ɗan kankare a kan lintar lungun banɗaki, akwatunan lefe su hau can. Iyayenmu ma da alkuki suke gini a jikin bango, mu ne muka yar da shi.

Mai Fili a Tumfure:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Jiya da daddare mun zauna da maiɗakina da fensir, mun rage falon kamar yadda Injiniya ya ce, mun mayar da siton abinci arewa da kicin bisa shawarar Uwargida ta Wuntin Dada, maiɗakina kuma ta ƙara da cewa a fitar wa kicin ƙofa zuwa tsakar gida. Baba, na karɓi maganar harsashi. Ranar Asabar zan mayar wa mai zane takardar kafin a kai ta neman izinin gini. Abin da ya rage mini shi ne batir da inbata na sola, ko za su iya zama a cikin siton abincin?

Injiniyan Gini, Gombe:

A'a, Malam, kada a haɗa su da abinci, kuma kada su kusanci tukunyar gas. A fitar musu da ɗan lungu mai ƙafa 4 da 4 a baranda ta kudu ko a farfajiyar ciki, da ƙofa mai raga don iska, kusa da akwatin rarraba wuta, sannan a binne bututun waya daga rufi zuwa wurin kafin a yi filasta. Uwargida ta Wuntin Dada ta fi ni gaskiya a kan bangon yamma, a bar wa banɗakuna shi.